Hawan jini a wajen tsofaffi: me ya sa ba a ajiye magani don an ji sauƙi

Dattijai da yawa a Maradi, Damagaram, Tawa da Yamai sun san suna da "tansiyo", an ma taɓa rubuta musu magani. Matsalar takan fara ne ranar da kwalin farko ya ƙare. Ga bayani kan yadda ciwon yake, abin da magani ke yi, da abin da ya kamata iyali su sa wa ido.

Yadda abin ke faruwa kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Tsoho ya je CSI saboda ciwon kai ko jiri, a auna shi, a ce tansiyo ta hau. Ɗansa ya karɓi ordonansi ya sayo maganin wata guda. Tsoho ya sha, jikinsa ya yi daɗi, kwali ya ƙare, kowa a gida ya ɗauka an warke. Bayan wata shida ko shekara, a wayi gari baki ya karkace, hannu da ƙafa sun saki.

Mutane sun saba da zazzaɓin cizon sauro, wanda ake shan maganinsa kwana uku a rabu da shi, shi ya sa suke auna kowace cuta da wannan ma'auni. Hawan jini ba haka yake ba. A wajen mafi yawan masu shi, zama yake yi har ƙarshen rayuwa. Magani yana danne shi muddin ana sha, da an bari kuma ya koma inda yake, sau da yawa ba tare da mutum ya ji komai a jikinsa ba.

Me ake nufi da 14 da 9?

Duk bugun da zuciya ta yi, tana tura jini ne cikin jijiyoyi da wani ƙarfi. Na'urar awo tana ba da lamba biyu: ta sama ita ce ƙarfin jinin lokacin da zuciya ta matsa, ta ƙasa kuma lokacin da ta saki. Ma'aikatan lafiya a Nijar sukan ce "14 da 9", na'urorin zamani kuma su nuna 140/90. Abu ɗaya ne. Wanda ya je neman magani Katsina ko Kano zai ga an rubuta masa 160/100, ya dawo gida a ce masa 16 da 10. Babu abin da ya canza sai salon rubutu.

A ƙa'idar Ƙungiyar lafiya ta duniya, OMS, ana cewa mutum yana da hawan jini idan an auna shi a ranaku biyu daban-daban aka samu ta sama ta kai 14 ko ta wuce, ko ta ƙasa ta kai 9 ko ta wuce. Awo ɗaya bai isa a yanke hukunci ba, balle idan mutum ya sha tafiya cikin rana ko gabansa yana faɗuwa don ganin likita. Awo mai kyau yana son mutum ya zauna minti biyar ya huta, ya jingina bayansa, ya ɗora hannunsa kan tebur daidai ƙirji, ya yi shiru. Kada ya ci goro, ya sha shayi ko taba cikin rabin awa kafin awon.

Shekaru suna da hannu a ciki. Jijiyar jinin yaro tana da laushi, tana buɗewa idan jini ya taho. Da tsufa sai ta yi tauri, kamar tiyon ban ruwa da ya daɗe a rana. Wannan ne ya sa ake yawan ganin tsoho da 17 da 8: ta sama ta hau, ta ƙasa tana daidai. Wasu sukan ce ai tunda ta ƙasa lafiya lau take, babu damuwa. A wajen wanda ya haura shekara 60, ta saman ce ma ta fi nuna haɗari.

Akwai kuma masu cewa tsufa ne kawai, a bar tsoho ya huta da shan ƙwayoyi. An gwada wannan magana. Wani babban bincike mai suna HYVET da aka wallafa a 2008, wanda ya haɗa mutum 3,845 masu shekara 80 zuwa sama a ƙasashe da dama, ya nuna cewa waɗanda aka ba maganin hawan jini mace-mace sun ragu a cikinsu da kashi 21 cikin 100, gazawar zuciya kuma ta ragu da kashi 64 cikin 100.

Ciwo mai kisan mummuƙe

Rahoton da OMS ta fitar a watan Satumba na 2023 ya ce masu hawan jini a duniya sun ninka tsakanin 1990 da 2019, daga miliyan 650 zuwa biliyan 1.3. Kusan rabinsu ba su san suna da shi ba, kuma mutum huɗu cikin biyar ba sa samun maganin da ya isa ya daidaita shi.

Nijar ƙasa ce ta yara, kusan rabin jama'arta ba su kai shekara 15 ba, masu shekara 65 zuwa sama kuma ba su kai kashi 3 cikin 100 ba. Amma a ƙasar da mutanenta suka wuce miliyan 25, wannan kaso ya haura mutum rabin miliyan. Kuma suna ƙaruwa: a 1960 tsawon rai da ake sa wa jariri rai da shi bai kai shekara 40 ba, yau ya wuce 60. Asibitocin da aka fi gina su don yaƙi da zazzaɓi, tamowa da matsalolin haihuwa, yanzu suna karɓar cututtukan da ke son kulawa ta shekara da shekaru.

Ɓarnar hawan jini a hankali take tafiya. A ƙwaƙwalwa, jijiya takan toshe ko ta fashe, a samu shanyewar ɓarin jiki, abin da likitoci ke kira AVC. Zuciya kuma, saboda turin da take yi da ƙarfi kullum, takan yi kauri sannan ta gaji: mutum ya riƙa haki da ƴar tafiya kaɗan, ƙafafu su kumbura, ya kasa kwanciya sai ya tara matasai. Ƙoda tana lalacewa shiru har sai an kai ga wankin ƙoda. Gani ma yakan ragu, haka nan tunani.

Ciwon kai ba ma'auni ba ne. Mutum yana iya kaiwa 18 yana zaune a majalisa yana raha, wani kuma kansa na sarawa alhali jininsa daidai yake. Wanda ke shan magani sai ranar da kansa ya yi ciwo, yana barin jijiyoyinsa ba kariya a sauran ranakun.

Yadda magungunan ke aiki

Waɗanda aka fi rubutawa kashi uku ne. Akwai masu sassauta jijiyoyi su buɗe, irin su amlodipine. Akwai masu fitar da gishiri da ruwa ta fitsari, irin su hydrochlorothiazide. Akwai kuma irin su captopril da enalapril, masu hana jiki haɗa wani sinadari da ke matse jijiyoyi. Su ne ake yawan ba mai ciwon sukari don kare masa ƙoda. Kowace ƙwaya aikin wasu awoyi take yi, mafi yawa yini da kwana, daga nan jiki ya fitar da ita. Idan an auna an samu 13 da 8, alama ce maganin yana aiki, kuma dalili ne na ci gaba da shi.

Mutane da yawa ƙwaya ɗaya ba ta isar su, sai an haɗa biyu. Wannan ba ya nufin ciwon ya gagara. Wani bincike mai suna CREOLE da aka yi a ƙasashe shida na Afirka, ciki har da Najeriya da Kamaru, aka wallafa a 2019, ya nuna cewa a jikin baƙar fata haɗin da ke da amlodipine a ciki ya fi saukar da jini.

Kowane magani yana da abin da yakan jawo wa wasu. Amlodipine yakan kumbura idon sawu. Captopril da enalapril sukan kawo busasshen tari mai naci, wanda mutane ke ta sha wa maganin mura a banza. Mai sa fitsari, idan an sha shi da dare, yana hana barci, don haka da safe ake shan sa. Wasu maza sukan yi zargin magani ya rage musu ƙarfi, su ajiye shi ba su gaya wa kowa ba. Duk waɗannan suna da mafita guda: a koma wurin likita ko majo, a faɗi abin da ake ji, a canza wani. Akwai ma irin su atenolol da ajiye su farat ɗaya ke da haɗari ga zuciya.

Ba a aron maganin hawan jini. Abin da ya dace da Alhaji yana iya cutar da Hajiya, ko da lambarsu ɗaya, saboda ƙodarsu da sauran cututtukansu ba ɗaya ba ne. Shi ya sa likita kan nemi awon sukari da na ƙoda tun farko, sannan a maimaita aƙalla sau ɗaya a shekara.

Ƙwayoyin ciwon gwiwa da ke tayar da jini

Kusan duk tsoho yana fama da ciwon gwiwa ko na baya, kuma mafi kusa da shi shi ne mai tallar magani a tasha ko a kasuwa. Abin da aka fi miƙa masa shi ne diclofenac ko ibuprofen. Suna kashe zafi, gaskiya ne. Amma shan su kullum yana sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa, yana tayar da jini, yana rage ƙarfin maganin tansiyo, yana cin ƙoda, yana kuma iya jawo gyambon ciki da zubar jini. Dexamethasone da ake cusawa cikin haɗin "maganin gajiya" shi ma yana tayar da jini da sukari. Ƙwayoyin da ake jefawa a ruwa su yi kumfa suna ɗauke da sinadarin gishiri mai yawa. Ga mai hawan jini, paracetamol na haɗiya ya fi aminci, a kan adadin da ma'aikacin lafiya ya faɗa.

Maganin da ya wuni a faranti cikin rana, ba a san inda ya fito ba, ba shi da tabbas ko da sunan da ke jikinsa daidai ne. A duk lokacin da za a je ganin likita, yana da kyau a zuba duk abin da tsoho ke sha a leda guda a tafi da shi, har da na gargajiya. Bisap mara sukari da tafarnuwa suna iya ɗan rage jini kaɗan, amma ba su kai su maye gurbin magani ba. Jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba kuwa, ƙodar tsoho ba ta da ƙarfin ɗaukar su kamar ta saurayi.

Gishirin da ba a gani a tukunya

OMS ta ba da shawarar kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, a haɗe da duk abin da ya ci. Uwargida takan ce ai ta rage gishiri, alhali ta ƙara magi. Kusan rabin nauyin dunƙulen magi gishiri ne, ke nan babban dunƙule mai giram 10 ya kusa cinye rabon mutum ɗaya na yini guda. Farin magi, arom, yajin tsire, kilishi, sardin na gwangwani da burodi duk suna ƙarawa. Kanwa ma, wadda ake jefawa a wake da miyar kuɓewa, ko a haɗa da tabar ci, sinadarin da ke tayar da jini a gishiri yana cikinta.

Ba a ce tsoho ya ci lami ba. Tsohon da aka hana wa ɗanɗano gaba ɗaya yakan daina cin abinci ya rame, ko ya aiki jika ya sayo masa na waje. Dabarar ita ce a rage a hankali, a tukunyar gidan duka, a ƙara albasa, tafarnuwa, citta, tattasai da daddawa. Cikin ƴan makonni harshe yake sabawa. Zogale, yakuwa, kuka, wake, kabewa da fura mara sukari abinci ne masu kyau ga mai hawan jini. Tafiyar ƙasa ta minti 30 a mafi yawan ranaku, da sanyin safiya ko bayan la'asar, tana taimakawa. Taba kuwa, ta sha da ta ci, babu adadinta da ke da aminci.

Bazara, azumi da jiri

A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 43 a Tawa, Ƙonni da Yamai. Tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri kamar yaro, ga shi wataƙila yana shan mai sa fitsari. Ruwan jikinsa yana iya ƙarewa bai sani ba, jini ya faɗi, ya rikice ko ya suma. A riƙa miƙa masa ruwa ba sai ya nema ba, sai fa wanda likita ya ƙayyade wa ruwa saboda zuciya ko ƙoda. Idan zawo ko amai ya kama shi, a kai shi gidan likita a ranar, domin akwai magungunan da ake dakatarwa na ɗan lokaci a irin wannan hali.

Jiri lokacin tashi tsaye abu ne da ake yawan samu, kuma faɗuwa a banɗaki ko wajen alwala tana iya karya ƙugun tsoho ta kwantar da shi har abada. Ya fara zama a bakin gado na minti ɗaya kafin ya miƙe. Idan jirin ya yawaita, a gaya wa likita ya auna shi a zaune da a tsaye. Ga mafi yawan mutane ana son jini ya sauka ƙasa da 14 da 9, amma ga wanda ya tsufa ƙwarai jikinsa ya yi rauni, likita yana iya barin ta sama ta ɗan fi haka don gudun faɗuwa.

Game da azumi, mai shan ƙwaya ɗaya a yini sau da yawa yana iya mayar da ita bayan shan ruwa ko lokacin sahur, amma da shawarar likita, makonni kafin watan ya kama. Abin da ke da haɗari shi ne a ajiye magani wata guda cur. Wanda likita ya ce azumi zai cutar da shi, malamai sun yi bayanin sauƙin da addini ya yi wa tsoho da maras lafiya.

Idan baki ya karkace

Alamu uku ne ya kamata kowa a gida ya sani, har yara: gefen baki ya karkace, hannu ko ƙafa ɗaya ya saki, magana ta harɗe ko ta ɗauke, duk farat ɗaya. A gidaje da yawa akan ce iska ce ta buge shi, a kwana biyu ana hayaƙi da shafe-shafe kafin a nemi mota. A cikin waɗannan awoyi ne ƙwaƙwalwa ke ta mutuwa. Addu'a ba ta hana tafiya asibiti, ana iya yin ta a hanya.

A kwantar da shi ta gefe, a lura da lokacin da abin ya fara, a tafi nan take da duk abin hawan da aka samu. A Yamai ana iya kiran SAMU a lamba 15. Kada a ɗura masa ruwa, kunu ko rubutu, saboda maƙogwaron wanda abin ya sama ba ya haɗiya daidai, abin yana iya wucewa huhu. Kada a ba shi aspirine: idan jijiya fashewa ta yi, zai ƙara zubar jinin, kuma hoton kai na sikana ne kaɗai ke bambanta toshewa da fashewa. Kada a ninka masa maganin tansiyo don a saukar da jini da sauri. Saƙon da ke yawo a WhatsApp cewa a tsira wa yatsunsa allura ba shi da tushe. Ko da alamun sun wuce bayan ƴan mintoci, gargaɗi ne, a je a ranar. Haka nan idan awo ya kai 18 da 12 tare da ciwon ƙirji, haki, dishi-dishin gani ko rikicewa.

Wa zai riƙe karne?

Tun 2006 aka sa kulawa kyauta ga yara ƴan ƙasa da shekara biyar da tiyatar haihuwa. A watan Agusta na 2024 gwamnati ta rage kuɗin ganin likita, awo da kwanciya a asibitocin gwamnati da kashi 50 cikin 100, daga 1 ga Satumba na wannan shekara, ta kuma soke jika 150 da masu wankin ƙoda ke biya a farko. Maganin kowane wata kuwa yana kan iyali, ga shi tsofaffin da ke karɓar fansho a CNSS ko CARENI tsiraru ne. Manomi, ɗan kasuwa da mai sana'ar hannu ƴaƴansu ne fanshonsu.

Abu na farko da ke rage nauyi shi ne a roƙi likita ya rubuta jenerik. Sinadarin ɗaya ne da na mai babban suna, kuɗin kuma ya fi sauƙi nesa, ana samun sa a CSI da farmasi popiler. Idan kuɗin ordonansi ya fi ƙarfin gida, a faɗa wa likita a fili tun kafin a fita, maimakon a riƙa raba ƙwaya biyu ko a sha yau a tsallake gobe.

Na biyu, a ɗora wa mutum ɗaya a gida alhakin abin: ya riƙe karne, ya rubuta kwanan wata da lambar kowane awo, ya sayo sabon kwali saura mako guda tsohon ya ƙare. Ƴaƴan da ke ci-rani a Abijan, Legas ko Aljeriya sukan aiko da jikkuna masu yawa ranar da aka kwantar da Baba a asibiti. Kaɗan daga cikin wannan, idan ana turo shi kowane wata da sunan magani, ya isa ya sa ba a kai ga kwanciyar ba. Ga tsohon da ke mantuwa, a haɗa shan ƙwayar da abin da ba ya tsallakewa, kamar kunun safe bayan sallar asuba, kuma wani ya gani da idonsa an haɗiye.

Wanda ya haura shekara 40 bai taɓa aunawa ba, ko ya kwana biyu bai auna ba, CSI mafi kusa da farmasi da yawa suna yi cikin minti goma. Mai lafiya ya auna sau ɗaya a shekara. Wanda aka sa wa magani ya koma kowane wata har sai lambar ta daidaita, daga nan kuma duk wata uku.